Musayar Waƙa: Tsakanin Atina da Siparta, Wa Ya Fi Cancantar Yabo?

Mai Tawada:
Assalamu alaikum. Na ga ya dace mu koma ga tsoffin Girkawa, kuma zan fara da birnin Atina, inda Solon ya soke bautar bashi a wajajen shekara ta 594 kafin Miladiyya, sannan Kilistenis ya sake tsarin mulki a 508, ya kafa majalisa mai mutum 500, wato 50 daga kowace ƙabila, waɗanda ake zuba sunayensu a ciro, wanda rabonsa ya tsaga ya hau kujera shekara guda.

Da sunan Ilahi nake buɗe zance,
Salati ga Manzon da duk mun amince.

Ku zo 'yan'uwana mu tattauna Girka,
Mu ɗauko abin nan da ke nan rubuce.

Atina garin nan na bakin ruwa ne,
Ga ilmi da mulki ta zarce ta dace.

Solon ya ga bashi yana kai ga bauta,
Ya soke shi, bayin ciki anka kwance.

Sai Kilistenis ya raba jama'a gida goma,
Kujera rabo ce ga wanda ya dace.

Idan da garin da ya fi ta a Girka,
Ku kawo shi fili, kada kowa ya kauce.

Baƙon Dogondutsi:
Wa'alaikumus salam. Ba zan kauce ba, Malam, domin garin da kake nema yana kudu da naka. Siparta tana da sarakuna biyu daga gidaje biyu, da majalisar dattawa 28 waɗanda sai sun kai shekara 60 suke shiga, da wakilai biyar da ake zaɓa duk shekara, masu ikon gurfanar da sarki da kansa.

Malam Mai Tawada, ka ba ni mamaki,
Ka yabi garin da ya ƙware a baki.

Siparta ba ta gina ganuwa ba,
Mazajenta ne ganuwarta ran aiki.

Yaro ya kai bakwai ya bar uwa tasa,
Ya kwana a kan ciyawa, ba shi da ɗaki.

Sarakuna biyu, kowa na tsaron wani,
Ga wakilai biyar masu taka musu birki.

A Tarmofili wa ya tsaya wa Farisa?
Liyonidas ne, ya faɗi yana sarki.

Mai Tawada:
Da amsa-amonka zan amsa maka, ɗan'uwa, don kada ka ce na gudu. Ka ambaci yaƙin da aka yi da Farisa a mashigin Tarmofili a shekarar 480, amma ba ka faɗi cewa bayan mutum 300 na Siparta akwai mutanen Tesfiya 700 da suka tsaya suka mutu tare da su ba.

Ka kira mutuwa nasara, ya ɗan'uwa,
Farisa ta wuce mashigin nan ba birki.

Ta ƙone Atina, wannan ban musa ba,
Amma a Salamis aka gama aiki.

Jiragen Tamistokilis ne a gaba,
Suka matse rundunar babban sarki.

Talaka mai tuƙi shi ya ceci Girka,
Shi ya sa ya samu murya a mulki.

Autan Zaure:
Allah ya ƙara basira, Mai Tawada. Wanda ya amsa wa mutum da ƙafiyarsa ya nuna masa cewa filin nasa ne, kuma ina ganin Baƙon Dogondutsi zai daɗe bai farfaɗo ba.

Baƙon Dogondutsi:
Auta, ka bari manya su gama kafin ka raba maki. Ba a gama aiki a Salamis ba, domin rundunar Farisa ta ƙasa ta kwana a Girka har shekara ta zagayo, kuma a filin Falatiya aka karya ta a 479, ƙarƙashin jagorancin Fausaniyas, wanda ɗan gidan sarautar Siparta ne.

Jirgi ya kori jirgi, na ji na yarda,
Wa ya kori dakarun da ke bisa doki?

Malam Mai Aruli:
Na yi shiru ne ina jiran wani ya tanka, amma tunda ba wanda ya yi, dole in yi magana. Mai Tawada ya ɗora waƙarsa ta farko a kan baharin Mutaƙarab, wato ɗaya daga cikin ma'aunan waƙa, ya riƙe shi da kyau har baiti huɗu, kowane ɗango gaɓa 12, sai ya zo kan Kilistenis ya yi ɗango mai gaɓa 15 wanda bai hau kowane awo ba. Haka kuma ya rufe baiti na uku da na biyar da kalma ɗaya, wanda aibi ne sananne a wurin masu wannan fanni. Da ya ce "Kilistenu ya zo ya tsara ƙabilu", da karin ya zauna daram. Shi kuwa Baƙon Dogondutsi ban sami baharin da zan auna baitocinsa da shi ba.

Mai Tawada:
Allah ya gafarta Malam, gyaranka ya yanke wa mutum wutsiyar sunansa, ya kuma zubar da adadin ƙabilun, alhali goman nan ita ce zuciyar maganar. Kilistenis ya haɗa mutanen birni da na bakin teku da na karkara a cikin kowace ƙabila ne don ya karya ƙarfin manyan gidaje, kuma ba zan sayar da wannan ma'ana saboda gaɓa uku ba.

Malam Mai Aruli:
Ɗana, mutanen da kake yabo ba za su karɓi wannan uzuri ba. Homar, babban mawaƙinsu, ya auna kowane ɗango nasa da ƙafa shida, yana lura da doguwar gaɓa da gajeruwa kamar yadda muke yi, kuma sunaye masu nauyi irin su Agamemnon sun shiga ba tare da sun karya masa kari ba. Solon da ka buɗe da shi ma mawaƙi ne, da baitoci masu awo ya kare dokokinsa a gaban jama'a.

In za ka yabi Girka, ka auna ɗango,
Su ma da ma'auni suke rera nasu.

Autan Zaure:
Malam, da girmanka, ai baitinka ma ba shi da abokin ƙafiya, shi kaɗai ya zo.

Malam Mai Aruli:
Baiti guda ba ya bukatar aboki, Auta, kuma awonsa ya cika. Ka fara koyon rarrabe gaɓa kafin ka shiga tsakanin malami da ɗalibinsa.

Baƙon Dogondutsi:
Ni dai ban yi alkawarin bahari ga kowa ba, da karin baka nake waƙa kamar yadda na ji ana yi a garinmu, kuma ina roƙon a koma kan Girkawa.

Hajiya 'Yar Malamai:
Kwana biyu ina karanta ku, kun tashi daga yaƙi kun koma ƙirgen gaɓa, kuma a cikinku ba wanda ya tambayi wa ya ɗauki nauyin waɗannan birane biyu. A shekarar 483 aka sami sabuwar jijiyar azurfa a Lauriyon, Tamistokilis ya shawo kan jama'a aka gina jiragen yaƙi da kuɗin maimakon a raba, kuma bayi ne suke haƙo azurfar a ramuka masu ƙunci da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsu.

Ƙannena, kun cika zaure da gardama,
Ba wanda ya tuna da mace ko bawa.

Jiragen da kake yabo, wa ya biya su?
Azurfar Lauriyon ce, ramin mutuwa.

Bawa na rarrafe da fitila a rami,
Ubangidansa na jawabi a inuwa.

Mace a Atina ba ta zuwa taro,
Baƙo na biyan haraji, ba ya cewa.

Kai kuma Baƙo, wa ya nome gonaki
Sa'ad da jarumanka ke koyon kokawa?

Mutanen Mesiniya, Girkawa irinsu,
An mai da su bayi a ƙasar haihuwa.

Kowace shekara a shelanta musu yaƙi,
Don kisansu ya zam ba abin damuwa.

Wakilai biyar ɗin nan da Baƙo yake alfahari da su, su ne suke yin wannan shela da zarar sun kama aiki, domin duk wanda ya kashe ɗaya daga cikin bayin kada a ce ya ɗauki alhakin jini.

Baƙon Dogondutsi:
Hajiya, maganarki ta yi nauyi, kuma ba ni da baitin da zai wanke Siparta daga zancen Mesiniya. Amma a kan mata ina da ta cewa, domin matan Siparta suna motsa jiki a fili, suna gadon ƙasa, har masanin falsafa Aristotil ya ce kusan kashi biyu cikin biyar na ƙasar yana hannunsu a zamaninsa. Sauran kibiyoyina kuwa na Mai Tawada ne.

Ku ce mini wa ya ba Sokratis guba?
Taron da kake yabo ne, je ka duba.

Tsoho mai shekara saba'in, ba makami,
Tambaya yake yi, ita ta zame gaba.

Milos ta ce ba ta shiga faɗan kowa,
Aka kashe maza, iyalinsu aka raba.

Kuɗin ƙawaye da aka tara a Delos,
Atina ta kwashe ta mai da shi riba.

A 454 aka ɗauke baitulmalin ƙawancen daga tsibirin Delos zuwa Atina, a 416 Atina ta karkashe mazan tsibirin Milos aka sayar da mata da yara, a 399 kuma alkalai kimanin 500 daga talakawan gari suka yanke wa masanin falsafa Sokratis hukuncin kisa. Duk wannan da yardar jama'a aka yi shi, ba wani sarki da za a ɗora wa laifi.

Autan Zaure:
Wannan karon Baƙo ya yi bugu mai zafi, amma har yanzu ina bayan Mai Tawada.

Mai Tawada:
Ban kare kisan Sokratis ba, kuma ba zan kare shi ba, zalunci ne. Sai dai Baƙo ya tsallake shekara biyar da suka gabace shi. Da Siparta ta ci Atina a 404, bayan yaƙin da aka fara tun 431, ita ta ɗora azzalumai 30 a kan birnin, suka kashe mutane kimanin 1,500 cikin watanni, kuma jagoransu Kiritiyas yana cikin waɗanda suka taɓa zama da Sokratis. Da wannan miki a zuciya jama'a suka zauna shari'ar.

Wa ya ba ka labarin Milos, ya Baƙo?
Ɗan Atina ne ya zauna ya rubuta.

Wa ya adana hujjar tsohon a kotu?
Aflatun ne, ga ta nan ka karanta.

Atina ta faɗi laifinta da bakinta,
Ina wanda ya faɗi laifin Siparta?

Kawo mini marubuci guda na garinka
Da ya ga zalunci ya tsaya ya hukunta.

Baƙon Dogondutsi:
Muna da Tirtayus, mawaƙin da sojoji suke rera baitocinsa a sansani, kuma shi da kansa ya kwatanta mutanen Mesiniya da jakunan da kaya ya yi wa yawa, suna kai wa iyayengijinsu rabin abin da suka noma.

Mai Tawada:
Ya faɗa, amma da alfaharin wanda ya ci yaƙi ya faɗa, bai faɗa da nadama ba.

Ɗalibin Damagaram:
Ku yi mini afuwa, iyayena da yayyena, na iso a makare, kuma baitocina biyu ne kacal. A 371 birnin Tibis ya karya Siparta a Luktara, daga baya aka 'yantar da Mesiniya, sannan a 338 Filibus na Makidoniya ya ci Atina da Tibis a Kaironiya, ya kuma yanke wa Siparta yankunanta. Abin da ya iso zaurukanmu daga wannan duka shi ne ilmin mandiƙi, wato ilmin auna hujja, na Aristotil, wanda ya yi karatu wurin Aflatun a Atina, aka fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, har malamanmu suke karantar da shi.

Kuna ta gardama wa ya fi wani ƙarfi,
Filibus ya zo daga arewa ya haɗa su.

Garkuwa ta yi tsatsa, jirgi ya ruɓe,
Mandiƙi ne ya iso mana daga gare su.

Malam Mai Aruli:
Ma'ana ta yi kyau, ɗana, amma ɗango na biyu ya yi tsawo, ka sake auna shi.

Hajiya 'Yar Malamai:
Malam, a bar yaro ya sha iska, awo ba zai ƙare ba. Mai Tawada, ka amsa wa Baƙo a kan Milos da Sokratis, amma ka tsallake Lauriyon kamar ba a ambace ta ba. Tusididis, ɗan Atinan nan da ya rubuta labarin Milos wanda kake jingina da shi, ya rubuta cewa bayan da Siparta ta kafa sansani a Dekeliya a 413, bayi fiye da 20,000 suka gudu daga hannun Atina. Aristotil da ɗana na Damagaram ya yaba kuwa ya rubuta cewa akwai mutanen da bauta ce ɗabi'arsu tun daga halitta.

Ka ce Atina ta faɗi laifi da bakinta,
Wa ya tsaya a taro ya nemi 'yanta bawa?

Dubu ashirin sun bar gari da ƙafarsu,
Ka ba ni baiti a kansu, ina saurarawa.