Shin yawan ambaton bincike shi ne ma'aunin tasirin masani?

Tambaya (Habibu): Assalamu alaikum. Ina nazarin ayyukan William Nordhaus na Jami'ar Yale, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2018. Shin adadin maƙalolinsa da yawan waɗanda suka kafa hujja da su sun isa a auna tasirinsa a fagen tattalin arzikin sauyin yanayi?

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ba su isa ba, domin ma'aunin h-index, wanda ke haɗa adadin maƙalolin masani da yawan ambatonsu, da Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, ba ya bambance mai yabo da mai suka. Tsarin lissafi na DICE, mai haɗa tattalin arziki da sauyin yanayi, wanda Nordhaus ya fitar a farkon shekarun 1990, ana yawan ambatonsa, amma wasu suna ambatonsa ne don su nuna cewa ya rage girman ɓarnar ɗumamar duniya. Dubi saɓaninsa da Nicholas Stern, masanin tattalin arziki na Birtaniya, bayan rahoton da Stern ya fitar a 2006 kan sauyin yanayi, inda suka bambanta kan nauyin da ya kamata a ba asarar al'ummomi masu zuwa. Kowane ɓangare ya ƙara wa ɗayan ambato.

Malama Rabi: Ka kuma lura da inda ka ɗauko alƙaluman, domin Google Scholar, shafin neman ayyukan bincike, yana ƙirga littattafai da takardun da ba a tantance ba, don haka adadinsa yakan zarce na Scopus, wato rumbun bayanan maƙalolin da aka tantance.

Malam Isiyaku: Gaskiya ne, Malama. A ganina, amfani da DICE da gwamnatin Amurka ta yi a 2010 wajen ƙiyasta asarar da kowane tan na iskar carbon ke jawowa ya fi waɗannan alƙaluma nuna tasirinsa.