Tandon da Hausa: ni dai na tsaya kan agara

'Yan uwa na Damagaram, ku zo mu yi shawara. Lokotoro zai rubuta wa mutum "tandinit", mai fassara ya ce masa ciwon jijiya ne. Daga nan ruɗani ya fara, don jijiya a bakinmu ta haɗa hanyar jini, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da farar igiyar nan mai ɗaure tsoka da ƙashi, wadda ake kira "tandon" da Faransanci, kumburinta kuma "tandinit". Tsohuwa tana jin "jijiya" sai hankalinta ya tafi kan hawan jini ko shanyewar jiki.

Alhali muna da kalma. Ku tsaya gun mahauci a kasuwar Dole ku ga inda yake soka ƙugiya in zai rataye cinyar sa: tsakanin ƙashi da wata farar igiya mai tauri, wadda wuƙa ba ta yankawa da sauƙi. Agara ke nan. A jikin mutum ita ce ta bayan dunduniya, kuma duk cikin irinta babu mai kaurinta da ƙarfinta.

Wasu za su ce ai agara ta dunduniya ce kawai. Haka ne, amma me zai hana mu faɗaɗa ta? Agarar kafaɗa, agarar gwiwa, agarar babban yatsa. Wannan ta ƙarshen ita ke damun mai jego saboda yawan ɗaga jariri. Likitan Suwizalan, De Quervain, ya bayyana ciwon tun 1895. Mai daka da taɓarya, baduku mai jan zare yini guda, ɗan kokowa, kowa da agarar da yake wahalarwa.

Kalmar tana ba mu damar rarrabewa. Kumburin agara shi ne sabon ciwo: a huta, a ɗora ƙanƙara cikin ƙyalle, a rage aikin da ya jawo shi. Wanda ya daɗe kuwa lalacewar agara ce, zaruruwanta ne suka raunana. Hutu kaɗai ba ya warkar da ita, sai motsa jiki da ake ƙara nauyinsa sannu a hankali, kuma yakan ɗauki watanni saboda jini kaɗan ke isa gare ta.

Tsinkewar agara ce ta fi damuna. Mutum zai ji kamar an buge shi ta baya, ya kasa tsayawa kan yatsun ƙafar. Ba targaɗe ba ne, ja da murza ba sa haɗa ta, a kai shi likita da wuri, ko filasta ko tiyata. Sifuro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saye barkatai, yana iya jawo ta, musamman ga wanda ya haura 60. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kansa.

Saura wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, mai jin ciwo in an yi targaɗe. Mahauta da masu ɗori, me kuke kiranta?