Libarba .44 ko .500: wacce zan ce wa ƙanena ya saya?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena da ke aiki a jihar Texas ta Amurka yana son sayen babbar libarba, wato bindigar hannu mai gangar harsashi da ke juyawa, takardunsa sun cika. Nufinsa ya riƙa zuwa filin koyon harbi ran hutu, in lokacin farautar barewa ya zo kuma ya bi abokan aikinsa daji. Ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp: .44 Magnum, .454 Casull da .500 ta Smith & Wesson. Wai tunda ni na gaji Baba a farauta, in zaɓa masa. To ni duk sanina bai wuce doguwar bindigar farauta kaliba 12 da nake bin zabi da fakara da ita a dajin Mirriya ba. Ransa dai na kan .500, wai ita ce uwar duka. Masu sani ku agaza.

Tsohon Soja na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka ce masa ya cire .500 daga ransa tukuna. A 2003 ta fito, harsashi 5 take ci, mai dogon baki ta kai kilo 2. Faɗin harsashinta milimita 12.7 ne, kusan ɗaya da na babbar bindigar da muke girkewa bayan mota, duk da dai albarushin ba ɗaya ba. Masu bin manyan namun daji aka yi wa ita, barewa ba ta buƙatar wannan duka.

Abin da sabon hannu bai sani ba shi ne shurin bindiga. In ta doke ka a tafin hannu sau biyu sau uku, jikinka zai koyi tsoro. Sai ka ga mutum ya runtse ido, ya tura bakin bindigar ƙasa tun kafin ya gama jan kunama, harsashi ya tafi ya ci turɓaya. Na ga haka ga ƙuratan soja da ƙaramar bindiga ma, kuma cire wannan hali ya fi koyar da harbin wuya.

Ni .44 zan ce. Tun tsakiyar shekarun 1950 ake farauta da ita, harsashi 6 take ci, harsashinta bai wahalar samu a can. Kuma tana cin harsashin .44 Special mai sauƙin shuri, sai ya yi atisaye da shi, ya ajiye Magnum don daji. Ita ma .454 tana cin harsashin .45 Colt, amma da nata harsashin na asali ta fi .44 duka nesa ba kusa ba.

Ya toshe kunnuwa kullum. Kada kuma ya kuskura yatsansa ya kai gaban gangar da ke juyawa. Akwai ƴar rata tsakaninta da bututu, wuta da iska mai ƙarfi ke fita ta nan, a manyan nan har yatsa tana tsagawa.

Baushe:
Gaskiya Soja ya faɗa. Mu da muka tashi da bindigar toka mun san ba girman harsashi ke kawo nama gida ba, sanɗa ce. Da bindigar hannu sai ka matso ƙwarai, ni ba zan so ya wuce mita 50 ba. Dabbar da ka raunata ta gudu da ciwo, alhaki ne a wuyanka. Ya yi bismilla kafin ya saki, in ya iske ta da rai ya yanka.

Kai kuma ka riƙe kaliba 12 ɗinka. Wa zai harbi zabuwa da .500 ya samu abin sa wa a miya?

Na Gandun Daji:
Bari in sa baki, don na san samarinmu, yanzu wani zai fara tambayar inda ake samu. Wannan zance na Texas ne. A nan Nijar riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, farauta kuma sai da takardar jami'an gandun daji, ƙarƙashin dokar farauta ta 1998. Gandun Termit da Tin Tumma da ke can gabas da mu, tun 2012 aka keɓe shi, ba wurin gwada bindiga ba ne.

Ɗan Birni:
Na gode Baba Soja, Allah ya ƙara girma. Na tura masa duka. Ya ce filin da yake zuwa suna ba da hayar bindiga, ran Asabar zai gwada .44 da .500 ɗin kafin ya fid da kuɗi. Ya kuma ce in tambaye ku: mai tsawon baki inci 4 ko mai inci 6?

Tsohon Soja na Sabon Gari:
Mai 6. Ta fi sauƙin saiti, nauyin gaban kuma yana rage tashin baki. Ya fara da .44 ran Asabar ɗin, in ya soma da babbar hannunsa zai yi ta rawa har ya bar wurin.