Abin da aka tattaro kan inabin giya na Italiya

An yi doguwar tattaunawa kan ire-iren inabin da ake yin giya da su a Italiya, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda Sangiovese ne jan inabin da aka fi nomawa, musamman a yankin Tuskani, kuma shi ne ƙashin bayan giyar Chianti.

2. Nebbiolo na yankin Piyamonte, wanda ake giyar Barolo da shi, ba ya nuna da wuri, sai cikin Oktoba lokacin da hazo ke rufe tuddai. Bawonsa siriri, amma ɗanɗanonsa na ɗaure harshe kamar ɗanyen goro.

3. Montepulciano ya rikita mutane: sunan inabin yankin Abruzzo ne, kuma sunan wani gari a Tuskani da giyarsa ta Sangiovese ce.

4. Primitivo na yankin Puliya da Zinfandel na Amurka abu ɗaya ne, asalinsu Kuroshiya.

5. A fararen inabi, an ambaci Trebbiano da Glera, wanda ake kira Prosecco kafin 2009.

Inda aka rabu: Pinot Grigio. Wasu sun ce fari ne, wasu suka ce a duba bawonsa, toka-toka ne mai sirkin ja, ruwan ne kawai fari. Ni dai ina tare da na biyun.