Musayar waƙa: kullen korona da haƙƙin talaka

Malamin Gusau:
'Yan uwa, ga nawa baitocin kan kullen korona. Mai amsa ya ɗora.

Da sunan Allah nake buɗe waƙata,
Kan korona da yadda aka tare ta.
11 ga Maris, 2020, mu tuna ta,
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta,
Annoba ce da ta game ƙasashe da cuta.

30 ga wata Legas ta shiga takura,
Da Abuja, sai Ogun daga baya, ba shiga ba fita.
Cikin mako biyu hukumar haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta lissafta,
Rai 18 jami'an tsaro suka salwanta,
Sun ɗara waɗanda suka rasu da ita cuta.

Jikar Kanta, Argungu:
Malam, sannu da aiki, ga tawa gudummawa,
Killacewa ilimi ce, tana da tsarawa.
Kwana 14 ne a lokacin adadin jirawa,
Ɗaki mai taga, iska tana ratsawa,
Kofi da kwano nasa, ban da haɗawa.

Sabulu da ruwa, daƙiƙa 20 ana cuɗawa,
Bayan hannu da tsakanin yatsu ban da mantawa.
Takunkumi kan hanci da baki, ban da saukewa.
Duk wanda ya zauna da mai cutar a bi shi da dubawa,
A rubuta suna da unguwa don bibiyawa.

Amma ga inda aikin yake lalacewa:
Ka rufe mai faskare ba gero ba dawa,
Kwana uku zai fito, yunwa ba ta jirawa.
In ya ga bulala ce ladan bayyanawa,
Tarinsa da zazzaɓinsa zai ta ɓoyewa,
Cutar ta bi gida gida ba a ganewa.
Abinci ya riga kwaɗo isa, shi ne farawa.

Ɗan Ƙaura Namoda:
Yaya, kin faɗi gaskiya, Allah ya biya ki.
Afrilu 2020 duniya ta ja kunne kan haƙƙi,
Michelle Bachelet, kare haƙƙin ɗan Adam a lokacin shi ne nata aiki
A Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi gargaɗi ga masu mulki,
Dokar ta-ɓaci kar ta zama sandar mulki.

Ƙa'idojin Sirakusa na 1984 sun tsara,
Taƙaita 'yanci sai doka ta rubuta a sarari tun fara,
Sai ya zama dole, ba wata hanya da ta saura,
Gwargwadon haɗarin, ba a ƙara,
Da ranar ƙarewa, ba bambancin mai kuɗi da mai bara.

Almajirai fa? Abin da ke ci min rai ke nan,
An cusa su a motoci daga jihar can zuwa nan,
A cunkushe, da yawa ba gwaji kafin tafiyar nan,
Aka samu masu cutar bayan saukar nan.
Gwaji, killacewa, sannan tafiya: tsarin ke nan.

Inna ta Talata Mafara:
'Ya'yana, ku bar ni in taɓo rigakafi,
Nan ma an yi wa ƙasashenmu rashin adalci mai zafi.
2 ga Maris, 2021, ya sauka Abuja, na AstraZeneca,
Kusan miliyan huɗu, ga al'umma ta haura miliyan 200.

Sanyin digiri 2 zuwa 8 yake buƙata,
In ya daskare ko ya sha zafi ya lalata.
Masu arziki suka tara shi har ya kusa ƙare wa'adi,
Sannan suka turo, ga hanya ga rashin wuta,
Disamba 2021 fiye da miliyan aka binne a Abuja, an yi asarar ta.

Malamin Gusau:
Inna, Allah ya ƙara girma da lafiya.
Mayu 2025 a Janeba an amince da yarjejeniya,
Kan rabon magani in wata annoba ta taso wa duniya.
Mu a nan, firjin sola a kowane asibitin karkara muke biɗa tun jiya,
Da rijistar gidajen mabuƙata a hannun mai unguwa, a shirye gaba ɗaya.