Linki ya ƙi zama linki a Markdown

Auwal: Salamu alaikum 'yan zaure. Na rubuta bayanan aiki da Markdown, wato salon tsara rubutu da alamomi masu sauƙi, na juya su zuwa HTML na shafin intanet, amma wasu linki sun fito a matsayin rubutu zalla, ba sa dannuwa. Ga ɗaya:
[Rahoton shekara] (rahoton shekara.pdf)

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce a layin nan, Malam Auwal. Tsakanin ] da ( ba a barin sarari ko kaɗan, manne su ake yi. Sai sararin da ke cikin sunan fayil ɗin. Ko ka rubuta rahoton%20shekara.pdf, inda %20 ke maye gurbin sararin, ko ka sa sunan tsakanin < da >.

Auwal: Na manne su, Malama. Abin mamaki, da Pandoc, manhajar da nake juya rubutun da ita, yanzu ya tafi daidai, a GitHub kuwa, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja, yana nan yadda yake.

Bashir: Ai dama za a rina. John Gruber ya fito da Markdown a 2004 ba tare da tsayayyar doka kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ba, kowace manhaja ta yi nata fahimtar. Sai a 2014 aka fito da CommonMark, wato tsayayyun ƙa'idojin Markdown, don a daidaita, kuma a kansa GitHub ya gina nasa. Pandoc mai sassauci ne, yana haɗiye sarari a adireshi ya mayar da shi %20 da kansa. CommonMark ba ruwansa da wannan alfarmar. In GitHub za ka kai, gwada da umarnin pandoc -f gfm, mai karanta rubutu irin na GitHub, tun a kwamfutarka, ka ga abin da zai karye.

Zainab: Ni dai shawarata, ku daina sa sarari a sunan fayil. rahoton-shekara.pdf, shi ke nan, an huta da %20 mai ciwon ido.

Bashir: Gaskiya ne Zainab, amma adireshin wani ba kya iya canza shi. Na Wikipedia sau da yawa suna ƙarewa da baka, wato alamomin ( da ). In bakan sun zo biyu-biyu, CommonMark zai gane. In ɗaya ne tilo, ko tsohuwar manhaja ce, linkin yana yankewa a ) na farko. Maganinsa a rubuta %28 a madadin ( da %29 a madadin ).

Malama Hadiza: Kuma mai amfani da salon [rubutu][laƙabi] ya kula, layin da ke ɗauke da adireshin yana buƙatar layi fanko a samansa in sakin layi ne ya gabace shi. Kada kuma a tura shi ciki da sarari huɗu, manhajar za ta ɗauka lambar kwamfuta ce. Shafin Babelmark na intanet ma yana da amfani, kana liƙa layi ɗaya ya nuna maka yadda manhajoji daban-daban suka karanta shi.

Auwal: Allah ya saka da alheri. Saura linki ɗaya mai take a bayan adireshinsa da ya ƙi, daga Word na kwafo shi.

Malama Hadiza: To duba alamar zancen da ke kewaye da taken. Word yana lanƙwasa ta, Markdown kuwa miƙaƙƙiya " yake so. Goge ka sake bugawa da hannu. In ya ƙi, turo layin yadda yake.