Magungunan sha bayan tiyatar sauya gaɓar ƙugu

Mai jinya: Assalamu alaikum. An yi wa ƙanwata mai sikila tiyatar sauya gaɓar ƙugu, saboda kan ƙashin cinyarta ya lalace sakamakon rashin isar jini. An sallame ta da rivaroxaban da paracetamol da tramadol. Yanzu ɗinki ya kame, har tana takawa da sanda, don haka take so ta ajiye rivaroxaban saboda tsadarsa, kuma gwaggonmu ta kawo mata diclofenac daga kemis. Shin akwai matsala?

Mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam. Malam, kada ta ajiye shi. Rivaroxaban maganin tsinka jini ne, aikinsa hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, kuma haɗarin hakan ba ya wucewa don ɗinki ya kame, domin gudan jinin na iya tasowa bayan makonni, ya ɓalle ya toshe huhu. Bayan irin wannan tiyata akan sha miligiram 10 sau ɗaya kullum har kwana 35, kuma mai sikila dama ta fi sauran mutane shiga wannan haɗari. Idan kuɗi ne matsalar, ku faɗa wa likitan da ya yi aikin, shi ya san ko akwai madadin da zai dace da ita. Diclofenac kuwa a mayar wa Gwaggo cikin ladabi, domin haɗa shi da maganin tsinka jini na jawo zubar jini a ciki, ga shi yana wahalar da ƙoda.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya ƙara sauƙi. Ku riƙa duba sharaɓarta kullum. Idan ta kumbura, ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe, ko baƙin bayan gida ko haɓon da ya ƙi tsayawa ya bayyana, a tafi asibiti nan take. Paracetamol kada ya wuce giram 4 a rana. Tramadol na taurara bayan gida, sai ta yawaita ruwa da ganye, a kuma rage shi a hankali bisa umarnin likita.

Mahaifin wani mai sikila: Ɗan'uwa, 'yan dubiya za su zo da maganin ƙarin jini. Kada ta sha mai sinadarin ƙarfe sai an gwada jininta, musamman idan an sha yi mata ƙarin jini, domin ƙarfen na taruwa a hanta da zuciya.